Mazaunin Ƙafafu a Ƙirar Motar Kafa Tarihin Gudu: Martani ga Mai Cewa Siranta Ita Ce Komai

A wani rubutu da ya yi kan motocin da ake ƙerawa domin kafa tarihin gudu a doron ƙasa, wani marubuci ya tsaya a kan cewa abokiyar gabar irin wannan mota ɗaya ce tak, wato tirjiyar iska, kuma duk shawarar da mai ƙira zai yanke game da inda ƙafafu za su zauna dole ta biyo bayan wannan. Abin da ake nufi da tirjiyar iska shi ne ƙarfin da iska take tura abu mai gudu baya da shi yayin da yake keta ta. A ganinsa, da zarar an ɗora wa mota injin jet ko roka ta zama jirgin sama marar fukafukai, ƙafafunta kuwa ba su da wani aiki da ya wuce cika sharaɗin hukumar tsere, saboda haka abin da ya dace shi ne a matse su wuri guda, a cusa su cikin bodi, a sirantar da motar iyakar yadda za ta sirantu. Ya kafa hujja da motoci biyu, Goldenrod ta Amurka da Thrust SSC ta Birtaniya. Ta farkon ta goyi bayansa zuwa wani mataki, ta biyun kuwa hujja ce a kansa, kuma tarihin wannan fage tun daga shekarun 1960 ya nuna cewa abin da ya fi hana masu ƙira barci shi ne yawan nauyin da kowace ƙafa take ɗauke da shi a kowane mataki na gudu.

Adalci shi ne a fara da inda ya yi gaskiya. Idan gudu ya ninka sau biyu tirjiyar iska takan ninka sau huɗu, ƙarfin injin da ake bukata kuma ya ninka sau takwas, kuma girman tirjiyar ya dogara ga sumul ɗin siffar bodi da kuma faɗin ƙirjin motar, wato girman fuskar da take tunkarar iska da ita idan an dube ta daga gaba. Ƙafar da aka bari a waje tana da illa ta musamman, domin ƙasanta a tsaye yake a daidai inda ya taɓa turɓaya, samanta kuwa yana tafiya gaba da ninki biyu na gudun motar, ta yadda motar da take rabin saurin sauti, saman ƙafarta ya riga ya kai saurin sautin. Bill da Bob Summers, wa da ƙane, sun fahimci wannan sarai lokacin da suka jera injinan Chrysler huɗu, ɗaya bayan ɗaya, cikin bodi mai tsawon kusan mita 10 da faɗin kusan mita 1.2, suka ɓoye ƙafafu huɗu a ciki, direba yana zaune can a wutsiya. Ranar 12 ga Nuwamba 1965 Goldenrod ta yi kilomita 658 a awa a filin gishiri na Bonneville da ke jihar Yuta, da ƙarfin doki kusan 2,400, ta shafe kilomita 649 da Donald Campbell ya yi a tafkin Eyre na Ostareliya a 1964 da Bluebird CN7, wadda injinta yake da ƙarfin doki kusan 4,000. Wannan tarihi ya yi fiye da shekara 25 ba a karya shi ba a tsakanin motocin da ƙafafunsu suke tura su, kuma babu mai musun cewa siranta ce ta kawo shi.

Sai dai ya kamata a tambayi dalilin da ya sa siranta ta yi tasiri haka a wannan rukuni. Motar da inji yake juya wa ƙafafu ba ta iya tura kanta gaba da ƙarfin da ya wuce riƙon da taya take da shi a ƙasa, shi kuwa riƙon nan ya dogara ga nauyin da ke kan ƙafar da kuma yanayin filin, kuma gishirin Bonneville bai kai kwalta riƙo ba ko kusa. Idan tirjiyar iska ta kai girman wannan riƙo, ƙarin ƙarfin inji ba ya ƙara komai sai juya taya a banza, ta yi zafi, ta yayyage. Wannan ne ya sa aka raba ƙarfin inji ga ƙafafu huɗu a Goldenrod da Bluebird CN7 da kuma Railton Special ta John Cobb, wadda ta yi kilomita 634 a 1947, kuma shi ne ya sa har yau masu tsere a Bonneville suke ƙara wa motocinsu nauyi da gangan, abin da mai ƙera jirgin sama ba zai taɓa yi ba. Ke nan 'yan'uwan nan masu Goldenrod sun sirantar da motarsu ne domin ƙafafu sun gindaya musu iyaka. Hatta a zamanin da ake yi wa ƙira kallon sauƙi, Reid Railton ya ba ƙafafun gaban motar Cobb rata ta kusan mita 1.7 ya bar na baya a kusan mita 1.1, George Eyston kuwa ya sa wa Thunderbolt jeri biyu na ƙafafun gaba masu rata daban-daban domin kada taya ta bi cikin kwarin da wata ta riga ta yanka a gishiri. Mutanen nan suna duban ƙasa ne kamar yadda suke duban iska.

Batun ƙa'ida kuwa gajere ne. Hukumar FIA, wadda take tabbatar da irin wannan tarihi, tana bukatar ƙafafu aƙalla huɗu waɗanda ba a layi ɗaya suke ba, biyu daga ciki aƙalla su kasance na sitiyari, kuma a yi gudu sau biyu, zuwa da komowa, cikin awa ɗaya. Marubucin ya ɗauki wannan a matsayin tarnaƙin da ma'aikatan ofis suka sa wa injiniyoyi, alhali an riga an gwada abin da yake so. Craig Breedlove ya kawo Spirit of America Bonneville a 1962 da ƙafafu uku, ta gaban a kafe ba ta juyawa, da nufin a sarrafa motar da wani ɗan fiffike da ke ƙarƙashin hanci, kamar dai jirgi, motar kuwa ta ƙi bin layi, aka koma gida hannu rabbana. Sai da aka ba ƙafar gaba damar juyawa kaɗan, aka kuma kafa tsayayyen fiffike a wutsiya, sannan ta yi kilomita 655 a Agusta 1963, kuma ko a lokacin hukumar babura ta FIM ce ta karɓi sakamakon. Da Breedlove ya tashi neman abin da ya fi haka, ya ƙera Sonic 1 mai ƙafafu huɗu, ya kai kilomita 966 da ita a Nuwamba 1965.

Babban kuskuren rubutun yana cikin abin da bai ambata ba ko sau ɗaya, wato ɗagawar iska, ƙarfin da yake tasowa idan matsin iskar da ke ƙarƙashin mota ya fi na samanta. Lissafin ba shi da wuya. Iskar da ke kewaye da kowa tana danna kowace murabba'in mita da nauyin kusan tan 10, saboda haka motar da cikinta ya kai murabba'in mita 20, idan aka sami bambancin kashi 5 cikin 100 kacal tsakanin ƙasa da sama, an sami tan 10 na ɗagawa, wanda shi ne nauyin motar baki ɗaya. A gudun da ya kusanci na sauti, wato wajen kilomita 1,225 a awa gwargwadon zafin rana, irin wannan bambanci ƙaramin abu ne, domin a nan ne igiyoyin matsi suke bayyana. Igiyar matsi siririn layi ce a cikin iska inda matsi yake tashi farat ɗaya, kuma tana tasowa daga duk wani abu da ya tsaya wa iska a hanya, hanci ne ko ƙafa ko sandar da ke riƙe da ƙafa. Jirgin sama yakan bar nasa igiyoyin su watse a sarari, mota kuwa ƙasa tana nan ƙasa da taku ɗaya daga cikinta, igiyar ta bugi ƙasa ta dawo ta bugi motar, kuma wurin da take bugu yana matsawa baya yayin da gudu yake ƙaruwa. Wanda yawan tirjiya ya ci shi yakan koma gida ba tare da kambu ba, amma wanda hancin motarsa ya ɗaga a kilomita 1,000 iska takan shiga ƙarƙashi, ɗagawar ta ƙaru, motar ta wuntsila cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya.

Maganin da zai fara zuwa zuciya shi ne a sa iska ta danne motar da ƙarfi, to amma wannan ma yana da nasa kuɗin, kuma ƙafafu ne suke biya. Thrust2, wadda John Ackroyd ya tsara wa Richard Noble, mota ce mai ƙirji kamar akwati, injin Rolls-Royce Avon a tsakiya, ƙafafu huɗu na alminiyum zalla a kusurwoyi huɗu. A faƙon Black Rock na jihar Nebada, wanda busasshen tafki ne mai ɓawon laka a sama, dannawar iska ta riƙa nutsar da ƙafafun gaba cikin ƙasa tana cinye gudun da ake nema, don haka aka rage ta, motar ta yi kilomita 1,019 ranar 4 ga Oktoba 1983. Lissafin da aka yi daga baya ya nuna cewa da ta ƙara kimanin kilomita 11 a kan ƙololuwar gudunta, da ƙafafun gaba sun rabu da ƙasa. Tsakanin nutsewa da tashi akwai 'yar siririyar hanya, kuma aikin mai ƙira shi ne ya riƙe nauyin da ke kan kowace ƙafa kusa da yadda yake lokacin da motar take tsaye, tun daga tashi har zuwa ƙololuwa, sannan a dawo ta cikin matakan nan duka yayin da ake rage gudu. Ba a iya yin wannan sai an san inda ƙafafu suke dangane da cibiyar nauyi, wato wurin da nauyin motar ya daidaita, da kuma inda iska take ɗagawa ko dannawa, shi ya sa ba a gama siffar bodi sannan a nema wa ƙafafu gurbi.

A nan ne hujjar marubucin ta biyu ta juya masa baya. Ya kalli wutsiyar Thrust SSC, inda ƙafafun baya biyu suke cuse a cikin siririn bodi, ɗaya a gaban ɗaya, ya ce ga tabbacin ra'ayinsa. Da ya zagaya gabanta da ya ga mota mai faɗin mita 3.7, tsawon mita 16.5, nauyin fiye da tan 10, ɗauke da manyan injinan Rolls-Royce Spey biyu, irin na jirgin yaƙi na Phantom, ɗaya dama ɗaya hagu, kowanne da ƙafa a gefensa. Ron Ayers, wanda ya tsara siffarta, ya turo injinan gaba ne da gangan domin cibiyar nauyi ta kasance gaba da cibiyar matsin iska, wato wurin da ƙarfin iskar gefe yake taruwa, saboda idan tsarin ya kasance haka, duk lokacin da motar ta ɗan bauɗe iska ce da kanta take mai da wutsiya kan layi, idan kuwa aka sami akasi iska takan ƙara bauɗewar har motar ta juya. Ratar ƙafafun gaba mai faɗi, a daidai inda nauyi yake, ita ce ta hana kifewa, nauyin injinan kuma ya riƙe hanci a ƙasa. Ƙirjin motar ya yi girma ƙwarai, tirjiya ta yi yawa, aka biya ta da turawar injina ta kusan tan 20, domin a zamanin jet ƙarfi abu ne da ake saya, tsayuwa a kan ƙafafu kuwa sai an tsara ta. Da wannan ƙira Andy Green ya yi kilomita 1,228 a awa a Black Rock ranar 15 ga Oktoba 1997, ya zama na farko da ya wuce saurin sauti a ƙasa bisa ƙa'ida.

Ita kuma wutsiyar da marubucin yake yabo, ita ce sashen da ya fi wahalar da direba. Da yake ba a so a faɗaɗa mazaunin injina domin ƙafafun gaba su sami wurin juyawa, sai Glynne Bowsher ya mai da sitiyari ga ƙafafun baya, aka fara gwada tsarin a kan wata ƙaramar mota ƙirar Mini da aka yi wa kwaskwarima. Duk wanda ya taɓa yin ribas da sauri ya san halin motar da ake juyawa daga baya: kafin hanci ya nufi dama sai wutsiya ta fara fita hagu, kuma gyara kaɗan yakan zarce. A kan wannan kuma, da yake ƙafafun bayan biyu ba a gefe da gefe suke ba, iskar da ke bin dama da wadda ke bin hagu ba su zama daidai ba, motar ta riƙa fizgewa hagu yayin da take dab da saurin sauti, har Green yakan murɗa sitiyari kusan kwata na zagaye domin ya dawo da ita kan farin layin da aka shata masa. Sai da aka sa wa ƙafafun baya na'urar da kwamfuta take sarrafawa, mai ɗaga wutsiya ko sauke ta gwargwadon gudu, domin a daidaita nauyin da ke kan ƙafafun gaba. Ba abin mamaki ba ne da mutanen nan uku, Noble da Ayers da Green, suka zo ƙera mota ta gaba, Bloodhound, wadda aka sanar da ita a 2008, suka mai da sitiyari gaba, suka fitar da ƙafafun baya waje, gefe da gefe. Waɗanda suka ɗanɗana tsarin da marubucin yake so su ne suka fara barinsa.

Labarin Bloodhound ya ƙunshi abin da ya fi kusa da goyon bayan marubucin a zamanin nan, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. An tsara ta ne domin mil 1,000 a awa, wato kilomita 1,609, da injin Eurojet EJ200 na jirgin Typhoon tare da roka. Da yake ba a samun ƙasa mai tafiya a ƙarƙashin samfuri a bututun gwajin iska mai irin wannan sauri, an dogara ne ga lissafin kwamfuta da Ben Evans ya jagoranta a Jami'ar Swansea, jami'ar da ta yi wa Thrust SSC irin wannan aiki, inda a wancan karon aka tabbatar da lissafin ta hanyar harba ƙaramin samfuri a kan layin dogo da roka a Pendine ta Wales. Lissafin ya nuna cewa igiyoyin matsi da ke tasowa daga ƙafafun baya da sandunansu suna tara matsi a ƙarƙashin wutsiya, suna haifar da ɗagawa ta tan da dama a sama da saurin sauti, kuma ratar ƙafafun baya tana cikin abubuwan da aka yi ta sauyawa kafin a shawo kan matsalar, inda matso da su ciki ya taimaka. Amma abin lura shi ne matsalar da ake magani ɗagawa ce, kuma an tsaya da matsowar a inda hatsarin kifewa ya fara. Juriyar mota ga kifewa ta dogara ne ga rabin ratar ƙafafunta idan an gwada shi da tsayin cibiyar nauyinta daga ƙasa, ita kuwa Bloodhound injin jet ɗinta a sama yake, roka a ƙasa, bayan an sauya tsarin farko da ya sa roka a sama saboda turawarta tana danne hanci. Motar da nauyinta yake sama, ga doguwar wutsiya da iskar gefe take kamawa, ba ta da halin haɗe ƙafafu.

Masu motocin roka na Amurka sun riga sun isa wannan matsaya. Blue Flame, wadda Gary Gabelich ya tuƙa a Bonneville ranar 23 ga Oktoba 1970, ta zama mota ta farko da ta wuce kilomita 1,000 a awa, kuma bodinta siriri ne kamar yadda marubucin yake so, ƙafafun gaba biyu a manne da juna cikin hanci. Duk da haka ƙafafun bayanta suna waje can nesa da bodi a kan sanduna, ko kube ba a yi musu ba, masu ita sun yarda su sha tirjiyar. Budweiser Rocket mai ƙafafu uku, wadda aka yi iƙirarin ta wuce saurin sauti da Stan Barrett a Disamba 1979 ba tare da wata hukumar tsere ta amince ba, ƙafafun bayanta sun rabu da ƙasa a tsakiyar gudu. A Oktoba 1996 kuma iskar gefe ta bugi siririyar motar Breedlove ta ƙarshe a Black Rock tana kusan kilomita 1,085 a awa, ta kwantar da ita a gefe, ta yi wani makeken lanƙwasa a cikin hamada kafin ta tsaya, Allah ya sa yana da sauran kwana. Idan mai ƙafafun baya a waje ta kwanta haka, ba sai an faɗi abin da zai sami wadda aka haɗe nata ba.

Saura iƙirarin cewa ƙafafun motar jet ba su da aikin yi. Gaskiyar da ke cikinsa ita ce aikinsu yana sauyawa da gudu. Tun daga Thrust2 aka bar tayar roba, domin ƙarfin juyawa yana ɓare ta daga jikin wili, aka koma ƙafar ƙarfe zalla. Ƙafar Bloodhound faifan alminiyum ce mai faɗin kusan santimita 90 da nauyin kilo 95, an tsara ta juya fiye da sau 10,000 a minti, inda kowane kilo ɗaya a bakinta yake jan nauyin kusan tan 50. Irin wannan ƙafa ba ta da riƙon roba, tana riƙe hanya ne da ɗan kwarin da take yankawa a ƙasa, kuma a ƙaramin gudu wannan ya isa. A matsakaicin gudu, wajen kilomita 500 zuwa 650, ƙafar takan taso saman ɓawon ƙasa riƙonta ya ragu, alhali iska ba ta yi ƙarfin da wutsiya za ta riƙe motar sosai ba, kuma Green ya sha bayyana wannan mataki a matsayin mai tsananin santsi. Sama da haka sashen ƙafafun gaba da ya leƙo ƙarƙashin bodi yakan fara aiki a cikin iska, juyawarsa kaɗan ta tura hanci gefe da ƙarfin gaske. Ke nan ƙafa ita kanta sashe ce ta siffar da iska take gani, kuma nisanta daga cibiyar nauyi shi ne yake ƙayyade ko motsin hannun direba zai gyara motar ko zai juyar da ita. Sannan kowace mota, kafin ta kai kilomita 1,200, dole ta ratsa 600 sau biyu a kowane gudu, kuma a ƙarshe, bayan laimar rage gudu ta gama nata aikin, birkin ƙafafu ne yake tsayar da ita a inda ma'aikata suke jira, agogon awa ɗaya yana tafiya. Ranar 13 ga Oktoba 1997 Thrust SSC ta wuce saurin sauti zuwa da komowa, amma aka ƙi karɓa saboda ta makara da ƙasa da minti ɗaya.

Akwai kuma tirjiyar da rubutun bai san da ita ba, wadda take fitowa daga ƙasa. Ƙafa mai irin wannan gudu tana watsa gishiri ko ƙura, iskar ƙarƙashin mota ta kwashe su, motar ta kashe ƙarfi wajen jan su, kuma Ayers ya ba wannan muhimmanci sosai lokacin da yake tsara JCB Dieselmax, wadda ta yi kilomita 563 a Bonneville a 2006. A bayan Thrust SSC, bayan gudun da ya wuce na sauti, an tarar da ɓawon hamadar ya niƙe ya zama gari a faɗin da ya zarce na motar, domin igiyar matsi ta riga ƙafafu isa wurin, ma'ana ƙafafun baya a kan garin ƙasa suke tafiya. A Hakskeen Pan da ke arewa maso yammacin Afirka ta Kudu, mutanen yankin fiye da 300 sun tsince duwatsu kimanin tan 16,000 da hannu kafin Bloodhound ta taka filin, duk da haka ƙurar da ƙafafun gaba suke tayarwa ta riƙa cin fatar ƙarfen da ta lulluɓe sandunan ƙafafun baya a gwajin 2019. Cusa ƙafafun gaba cikin bodi, kusa da mazaunin direba, ya tilasta a yi wa mazaunin sulke a gefe domin kada tsakuwa ko ɓarin ƙarfe ya huda shi. Inda ƙafar baya take dangane da sawun ta gaba, ko za ta bi shi ko za ta taka sabuwar ƙasa, tambaya ce da babu amsarta a cikin lissafin faɗin ƙirji.

Jerin hatsarori ma yana nuna inda rauni yake. Art Arfons ya sha fashewar taya a Green Monster, kuma a Nuwamba 1966 boris ɗin ƙafar gaban motar ya ƙame yana kusan kilomita 980 a awa, motar ta ragargaje, ya fita da rai. Jessi Combs ta rasu ranar 27 ga Agusta 2019 a hamadar Alvord ta jihar Oregon a cikin North American Eagle, motar da aka gina a kan gangar jikin jirgin yaƙi na F-104, kuma binciken hukuma ya danganta hatsarin da lalacewar ƙafar gaba, mai yiwuwa bayan ta bugi wani abu a ƙasa. Wannan mota ita ce ainihin jirgi marar fukafukai da marubucin yake siffantawa, siririya, mai hanci kamar tsinke, an tsara bodinta tun asali domin ninki biyu na saurin sauti, kuma ba ta fuskar iska ta gaza ba.

Mai kare marubucin zai iya cewa duk wannan tarihi ne, kuma da kwamfutocin yau ana iya ƙera siririyar mota mai matsattsun ƙafafu wadda ɗagawarta ba ta sauyawa. Yana yiwuwa a yi hakan wata rana, amma lissafin kwamfuta yana ɗaukar ƙasa a matsayin shimfiɗa mai tauri da sumul, abin da faƙon hamada bai zama ba a ƙarƙashin igiyar matsi, shi ya sa aka cika jikin Bloodhound da na'urorin auna matsi kusan 200 domin a gwada lissafi da abin da ya faru, ana ƙara gudu mataki-mataki ana duba nauyin da ke kan ƙafafu kafin a yarda a ƙara. Ta kai kilomita 1,010 ranar 16 ga Nuwamba 2019 da injin jet kaɗai, ba a ɗora mata roka ba, kuma ƙarancin kuɗi ya hana ta komawa filin, don haka tsarin ƙafafunta bai fuskanci saurin sauti ba tukuna. Kambun yana hannun motar 1997 mai faɗin mita 3.7.